Charles Darwin: Shekara 40 da ciwon cikin da likitoci suka kasa gano tushensa

An haifi Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, a 1809. Bayan ya dawo daga doguwar tafiya a jirgin ruwan Beagle a 1836, ciwon ciki da amai suka addabe shi. Likitoci da dama, har da mahaifinsa, sun duba shi, amma ba a gano musabbabin cutar ba.

A 1842 ya bar hayaniyar Landan, ya koma ƙauyen Downe. Ya rage shiga taro, ya taƙaita aikinsa zuwa 'yan sa'o'i a rana, matarsa Emma na jinyarsa. A haka ya wallafa shahararren littafinsa a 1859. Ya rasu a 1882 yana da shekara 73, kuma ciwon zuciya ne ya zama ajalinsa.