Bitrus Damiyan, Ɗan Zuhudun da Ya Ƙi Rufa wa Shugabanni Asiri

A shafinmu na tarihin magabata na wannan fitowa za mu koma ƙasar Italiya, shekaru kusan dubu da suka shige, domin mu dubi rayuwar wani bawan Allah mai suna Bitrus Damiyan. Tun da labarin firistocin da suka lalata yara ya fashe a birnin Boston na Amurka a shekara ta 2002, 'yan Katolika da dama sun sake buɗe littattafansa, gama sun tarar cewa ciwon da ke damunsu ya riga ya kira shi da sunansa tun zamanin da ba a son a ji.

An haife shi a birnin Rabenna a shekara ta 1007, shi ne auta a gidan da 'ya'ya suka yi yawa, abin hannu kuwa kaɗan. Almajirinsa Yohanna na Lodi, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labari cewa da aka haife shi, wani wansa ya yi wa mahaifiyarsu gori a kan ƙaro masu gādo a gidan da babu abin gādo. Baƙin ciki ya sa ta ƙi ba jaririn nono, har ya kusa mutuwa. Wata mata ce ta tsawata mata, ta ɗauki yaron ta ɗumama shi, ta farfaɗo da shi. Matar nan kuwa matar wani firist ce. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin za mu sake haɗuwa da matan firistoci a gaba.

Iyayensa sun rasu yana ƙarami. Ɗaya daga cikin yayyensa ya ɗauke shi, ya sa shi kiwon aladu, ba takalmi, ba tufar kirki. Daga baya wani wansa dabam, firist mai suna Damiyan, ya cece shi ya sa shi makaranta a Fayenza da Parma, kuma domin nuna godiya ne Bitrus ya liƙa sunan wan nasa a jikin nasa. Ya yi fice a karatu har ya zama malami mai suna tun yana saurayi. Amma wajen shekara ta 1035 ya bar duk wannan ya shiga cikin 'yan zuhudu na Fonte Abellana, can cikin duwatsu, inda ake kwana addu'a da karatun Zabura, ake yawan azumi a kan gurasa da ruwa. A 1043 suka ɗora shi shugabansu.

Ikilisiyar da yake hange daga kan dutsen nan tana cikin mugun hali. Sarakuna da masu ƙasa suna sayar da kujerar bishop kamar yadda ake sayar da gona, wanda ya saya kuwa sai ya fanshe kuɗinsa a kan waɗanda zai naɗa firist. Wannan shi ne zunubin Saminu mai sihiri, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, kamar yadda yake cikin Ayyukan Manzanni sura 8. Dokar da ta ce firist ya zauna ba mace tana nan a rubuce tun ƙarnuka da dama a yammacin Turai, amma a ƙauyuka da birane firistoci da yawa suna zaune da mata da 'ya'ya, wasu da aure a fili, wasu a ɓoye. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan muni, wanda kowa ya sani amma ba mai furtawa.

Shi Bitrus ya furta. A farkon zamanin Paparoma Liyo na Tara, wanda ya hau kujera a 1049, ya aika masa da wani littafi da aka fi sani da Littafin Gwamrata. A ciki ya bayyana ayyukan luwaɗi da suka yaɗu a tsakanin ma'aikatan Ikilisiya, bai yi kwana-kwana ba. Ya yi magana a kan firistocin da ke lalata waɗanda suka zo wurinsu neman gafarar zunubi, mutanen da ya kamata su riƙe kamar 'ya'yan cikinsu. Ya tona dabarar waɗanda ke yin zunubi tare, sa'an nan su furta wa juna, su yafe wa juna, domin kada maganar ta fita waje. Ya jawo wata tsohuwar doka ta gidajen zuhudu wadda ta ce wanda aka kama yana lalata da yara ko samari a yi masa bulala a gaban jama'a, a tsare shi wata shida, kuma har abada kada a sake barinsa shi kaɗai da yaro. Sai dai inda ya fi kafa yatsa shi ne a kan shugabanni. A ganinsa, bishop ɗin da ya san abin da ke faruwa ya yi shiru, ko don tsoron abin kunya, ko don ƙarancin firistoci, ya zama abokin tarayya cikin laifin, kuma zai amsa a gaban Allah. Abin da ya roƙa shi ne a tuɓe masu irin wannan hali daga aikin bagade.

Paparoma Liyo ya amsa masa da yabo, ya shaida cewa gaskiya ya faɗa, amma ya sassauta hukuncin. Ya yarda a tuɓe waɗanda suka daɗe cikin abin, ko suka yi shi da mutane da yawa, ko suka kai ga mafi munin aikin, sauran kuwa in sun tuba sun yi horon tuba, a mayar da su bakin aikinsu. Tausayi ne ya sa, ba shakka, amma duk wanda ya bi labaran shekara ta 2002 zai gane wannan ƙofa, domin ta irinta ce aka riƙa ɗauke mai laifi daga wannan majami'a a kai shi waccan, da fatan ya shiryu. Shi ma littafin Bitrus yana da nasa giɓin. Hankalinsa ya fi karkata ga tsarkin bagade da ran mai zunubin, raunin yaron da aka cuta bai sami wuri mai faɗi a cikinsa ba.

A 1057 Paparoma Istifanus na Tara ya naɗa shi Kadinal kuma Bishop na Ostiya. Ya ƙi, sai da aka tilasta masa da sunan biyayya. Shekaru biyu bayan haka, a 1059, Paparoma Nikolas na Biyu ya aike shi Milan, inda talakawan gari suka tayar wa firistocinsu saboda sayen matsayi da ajiye mata. Da ya isa, sai masu goyon bayan firistocin suka zuga jama'a cewa Roma ta zo ta taka ikilisiyar Waliyyi Ambros. Aka kaɗa ƙararrawa, gari ya ruɗe, har ya zaci kwanansa ya ƙare. Ya hau mumbari ya yi musu magana har hankali ya kwanta. Da ya bincika, sai ya tarar da wuya a sami ko mutum ɗaya da aka naɗa ba tare da ya biya ba, har ma an yanke farashi: tsaba 12 ga ƙaramin dikon, 18 ga dikon, 24 ga firist. In ya tuɓe su duka, babban birni zai wayi gari ba mai yin sujada. Sai mutumin da ya nemi tsanani a wurin Liyo ya sami kansa yana sassautawa. Ya sa Babban Bishop Gido da firistocinsa suka rantse a fili cewa sun bar cinikin, ya ɗora wa kowa horon tuba, ya mayar da waɗanda ya ga sun cancanta. Tun a 1052 ya riga ya rubuta cewa naɗin da bishop mai sayen matsayi ya yi yana nan daram, domin Almasihu ne mai naɗawa, ba tsarkin hannun mutum ba.

A kan zaman firist ba aure kuwa bai taɓa ja da baya ba. Ya gaskata cewa hannun da ke taɓa jikin Ubangiji a bagade na Ubangiji ne shi kaɗai. Majalisar da aka yi a Roma a 1059 ta hana masu bi halartar Misar firist da aka san yana ajiye da mace, kuma a 1139 wata babbar majalisa a Lateran ta ce auren firist ba aure ba ne. Ikilisiyoyin gabas ba su bi wannan hanya ba, har yau suna naɗa masu aure, haka ma ikilisiyoyin da suka fito daga gyaran ƙarni na 16. A nan ne alƙalamin Bitrus ya yi kaifin da ya wuce kima. Kalmomin da ya jefi matan firistoci da su a wasiƙunsa ba su da daɗin ji, ya ɗora musu laifi kamar su ne tarkon Shaiɗan, alhali da yawansu matan gida ne masu renon 'ya'ya, kuma irinsu ce ta tsamo shi daga bakin mutuwa yana jariri.

Duk da haka, ko a cikin wannan yaƙi idonsa na kan manya. Ya rubuta wa Nikolas na Biyu yana kuka cewa ana hukunta ƙananan firistoci, ana kau da kai daga bishop-bishop masu laifi iri ɗaya, ya tuna masa da Eli, wanda ya tsawata wa 'ya'yansa Hofni da Finehas da baki kawai, har hukunci ya auko wa gidansa duka. Daga baya ya rubuta wa Paparoma Alekzanda na Biyu yana ƙin al'adar da ta hana ɗan ikilisiya kai ƙarar bishop ɗinsa. Hujjarsa daga Littafi Mai Tsarki take: Manzo Bitrus da kansa ya tsaya ya ba da bayani sa'ad da 'yan'uwa suka tuhume shi a kan shiga gidan al'ummai, ya kuma karɓi tsautawar Bulus a Antakiya. In shugaban manzanni bai fi ƙarfin tambaya ba, wane bishop ne zai fi? Sarakuna ma bai ƙyale su ba. A 1069 ya je Frankfurt a Jamus ya hana Sarki Henri na Huɗu sakin matarsa Barta.

Ya yi ta roƙo a sauke masa nauyin Ostiya ya koma ɗakinsa na kan dutse, daga bisani aka yarda, ko da yake ba a daina aikensa ba. Aikensa na ƙarshe zuwa garin haihuwarsa ne, Rabenna, domin ya sulhunta mutanenta da Roma. A hanyar dawowa zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Fayenza a watan Fabrairu na 1072, yana da shekara kamar 65. A 1828 Paparoma Liyo na Goma Sha Biyu ya sa shi cikin jerin manyan Malaman Ikilisiya, kuma ana tunawa da shi kowace ranar 21 ga Fabrairu.

A ranar 21 ga Fabrairu ta 2019 ne Paparoma Faransis ya buɗe taron kwana huɗu a Roma da shugabannin bishop-bishop na ƙasashen duniya a kan kāre yara. A watan Mayu na shekarar ya kafa doka wadda ta wajabta wa firistoci da 'yan zuhudu su kai rahoton lalata, da na rufa-rufa, ko da bishop ne ya aikata, ta kuma umarci kowace dayosis ta buɗe hanyar da kowane mai bi zai iya kai ƙararsa. An tabbatar da dokar a 2023, aka faɗaɗa ta har ta haɗa da shugabannin wasu ƙungiyoyin masu bi waɗanda ba firistoci ba.