Sarauniya Liliuokalani, Wadda Ƙasarta Ta Zama Jihar Amurka

An haifi Liliuokalani a Honolulu a 1838, ta gaji yayanta Kalakaua a sarautar Hawaii a 1891. Da ta yunƙura ta maido wa 'yan ƙasa ikonsu, attajiran Turawa suka hamɓarar da ita a 1893, sojojin ruwan Amurka na mara musu baya. An tsare ta a fadarta a 1895, ta yi murabus domin ceton rayukan magoya bayanta.

A 1898, sa'ad da Ingila da Faransa ke shata iyakar da daga bisani ta raba Illela da Birnin Ƙonni, Amurka ta haɗiye tsibiranta. Ta rasu a 1917. Hawaii ta zama jiha ta 50 a 1959, amma sai a 1993 Majalisar Dokokin Amurka ta nemi gafara.