ORIJIN NA ISKANDARIYA: MALAMIN DA YA NEMI BAƊININ LITTAFI

An haifi Orijin a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekarar 185, a zamanin mulkin Rumawa. Yana ɗan shekara 17 hukuma ta kashe mahaifinsa, Liyonidas, saboda bin addinin Kirista, ta kuma ƙwace dukiyar gidan. Shi ma ya yi niyyar miƙa kansa, amma mahaifiyarsa ta ɓoye masa tufafi. Ɗawainiyar uwa da ƙanne shida ta faɗo a kansa, ya shiga koyarwa.

Ba da jimawa ba aka danƙa masa makarantar masu shiga addinin. Ya sayar da littattafansa na adabin Girkawa, ya riƙa kwana a ƙasa, yana tafiya ba takalmi.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne yadda yake fassara Littafi Mai Tsarki. Ya koyar da cewa nassi yana da jiki da rai da ruhu, kamar ɗan Adam: watau zahirin labari, da darasin gyaran hali, sa'an nan baɗini. Zango 42 da Bani Isra'ila suka yada tsakanin Masar da Kogin Urdun, a wurinsa matakai ne da rai yake bi zuwa ga Allah. Yaƙe-yaƙen Joshuwa kuwa ya ɗauke su a kan yaƙi da fushi da kwaɗayi da girman kai, waɗanda suke mamaye zuciya. Saboda haka mai neman natsuwa sai ya fara horon halinsa, ya gane cewa duniya mai wucewa ce, kana ya kai ga ƙaunar Ubangiji.

Duk da haka bai yi sakaci da zahiri ba. Ya jera nassin Tsohon Alkawari a layi shida, na Ibrananci da na Girkanci, domin a gwada kalma da kalma.

Wajen shekarar 231 saɓani ya shiga tsakaninsa da Bishop Dimitiriyas, domin an naɗa shi firist a Falasɗinu ba da izninsa ba. Ya ƙaura zuwa Kaisariya, ya buɗe wata makaranta. A shekarar 250, zamanin Sarki Disiyas, aka ɗaure shi aka gana masa azaba don ya bar addininsa, amma bai sauya ba. Ya fito jiki a raunane, ya rasu wajen shekarar 254.

Bayan shekara 300, taron shugabannin Ikilisiya na shekarar 553 a Kustantiniya ya la'anci sunansa, saboda wasu ra'ayoyi da aka jingina masa, kamar wanzuwar rayuka kafin haihuwa. Littattafansa da yawa suka salwanta. Amma hanyar karatunsa ta riga ta kama jijiya a wurin ruhubanawan hamadar Masar, daga can kuma ta isa Turai.