Darasi na Goma Sha Huɗu: Jackie Robinson da Dokar da Ba a Rubuta Ba

Ya ku ɗalibai, kun san cewa kafin a buɗe kakar ƙwallon ƙafa, kowace ƙungiya, ko Plateau United ce ko Mighty Jets ta nan Jos, sai ta tantance 'yan wasanta, ta ɗauki wasu, ta sallami wasu. Abin da ake dubawa shi ne ƙwarewa da ƙoshin lafiya. To, a wannan darasi za ku karanta tarihin wani mutum da ya rayu a lokacin da ake duba launin fata kafin a duba ƙwarewa. Sunansa Jackie Robinson, ɗan wasan besbol na ƙasar Amurka.

Da yake ba a cika yin wannan wasa a ƙasarmu ba, ya kamata ku fara sanin yadda yake. Kowane ɓangare yana da mutum tara a fili. Ɗan wasan wannan ɓangare yakan jefo ƙaramar ƙwallo da ƙarfi, na wancan ɓangare kuma ya doke ta da kulki, sa'an nan ya sheƙa da gudu. A filin akwai zango huɗu. Wanda ya zagaye su ya komo inda ya tashi ba tare da an fitar da shi ba, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. A zamanin Robinson manyan ƙungiyoyi 16 ne, kowacce tana buga wasa 154 a kakar da ke farawa a watan Afrilu. A littafin dokokin wasan babu inda aka hana baƙar fata shiga. Amma tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 masu ƙungiyoyin suka haɗa baki a kan ba za su ɗauke su ba. Saboda haka baƙaƙen fata suka kafa tasu gasar dabam.

An haifi Jackie Robinson ranar 31 ga Janairu, 1919, a jihar Jojiya. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Yana jariri mahaifinsu ya tafi ya bar su, sai mahaifiyarsu, Mallie, ta kwashe su zuwa garin Pasadena a jihar Kalifoniya, inda ta riƙa aikatau tana ciyar da su. Gidansu gidan 'yan wasa ne, domin wansa Mack shi ya zo na biyu a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta 1936 a Jamus, bayan Jesse Owens. Shi ma Jackie da ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya yi fice a wasanni huɗu: besbol, ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, da guje-guje da tsalle-tsalle.

A 1942 aka ɗauke shi aikin soja, har ya kai muƙamin laftana. A watan Yulin 1944, a wani sansanin soja da ke jihar Texas, direban bas ya umarce shi da ya koma kujerun baya. Robinson ya ƙi. Aka gurfanar da shi a kotun soja, amma kotun ta wanke shi. Ku riƙe wannan a zuciya, domin ya nuna muku cewa mutumin nan ba ya ɗaukar raini.

Bayan ya bar soja, ya buga wa ƙungiyar baƙaƙen fata ta Kansas City Monarchs a 1945. A nan ne idon Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta birnin New York, ya kai gare shi. Ranar 28 ga Agusta, 1945, suka gana. Rickey ya gindaya masa sharaɗi mai nauyi: a shekarun farko, ko an zage shi, ko an ji masa ciwo da gangan, kada ya rama. Dalili kuwa shi ne, da zarar ya ɗaga hannu, masu adawa za su sami hujjar sake rufe ƙofa. Robinson ya amince.

Ba a kai shi babbar ƙungiya kai tsaye ba. An fara tura shi Montreal Royals a Kanada, ƙaramar ƙungiya da Dodgers ke renon 'yan wasa a cikinta. A wasansa na farko, ranar 18 ga Afrilu, 1946, sau biyar ya tsaya da kulki, sau huɗu ya yi dukan da ya kai shi zango. Ya ƙare kakar yana kan gaba a iya duka a wannan gasa, da nasara 349 cikin kowane gwaji 1,000.

Da shekarar 1947 ta kama, Dodgers suka tafi atisaye a birnin Havana na ƙasar Kyuba. Wasu 'yan wasan suka fara tattara sa hannu don nuna ba za su yi wasa tare da baƙar fata ba, amma kocinsu, Leo Durocher, ya taka musu birki. Akwai kuma wata matsala. Zango na biyu, inda Robinson ya saba tsaro, yana hannun wani gogagge mai suna Eddie Stanky. Sai aka mai da Robinson zango na farko, wurin da bai saba da shi ba. Ranar 10 ga Afrilu aka sanar da ɗaukarsa, saura kwana biyar a fara kaka.

Ranar 15 ga Afrilu, 1947, ya fito filin Ebbets sanye da riga mai lamba 42, a gaban 'yan kallo fiye da 26,000. Bai yi duka mai kyau ko ɗaya ba a ranar, amma ya ci maki ɗaya, kuma Dodgers suka doke Boston Braves da ci 5 da 3. Makonnin da suka biyo baya sun fi tsanani. Kocin ƙungiyar Philadelphia, Ben Chapman, da 'yan wasansa suka yi ta yi masa ruwan ashar a fili. An aiko masa da wasiƙun barazanar kisa. A wasu garuruwa otal ya ƙi ba shi masauki tare da abokan wasansa. Ana cikin haka hannunsa ya yi sanyi, har ya jera gwaji ashirin ba tare da nasara ba.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma da an yi wa Robinson hukunci da makonninsa na farko, da an tafka asara. Ƙungiyar ba ta cire shi ba, shi kuma bai karya alkawari ba. Kafin kakar ta ƙare ya kai nasara 297 cikin 1,000, ya fi kowa a gasarsu satar zango, har sau 29, wato tsere zuwa zango na gaba kafin abokan karawa su farga. Aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, wadda a shekarar aka fara bayar da ita. Tun a watan Yuli ma wani baƙar fata, Larry Doby, ya shiga ƙungiyar Cleveland.

A 1949 aka zaɓe shi gwarzon gasar, a 1955 kuma Dodgers suka ɗauki babban kofin ƙasar. Ya yi ritaya a farkon 1957, ya duƙufa wajen fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Ciwon sukari ya raunana shi, ya rasu ranar 24 ga Oktoba, 1972, yana da shekara 53. A 1997 aka jingine lamba 42 a dukan manyan ƙungiyoyi, aka daina ba sabon ɗan wasa ita.

Ku lura, ɗalibai, haƙurin Robinson ba na rago ba ne. Mutumin da ya ƙi tashi daga kujerar bas shi ne ya haɗiye zagi a fili, domin ya san ba kansa kaɗai yake wakilta ba. Ku lura kuma cewa dokar da ba a rubuta ba takan fi wuyar rushewa, domin babu takardar da za a yage, sai dai a sami wanda zai fara taka ta.

Ma'anar Kalmomi

Kulki: gajeriyar sanda mai kauri.
Zango: wurin tsayawa a kan hanya.
Aikatau: aiki a gidan wani don a biya mutum.
Gindaya sharaɗi: kafa ƙa'idar da dole a bi.
Jingine: ajiye abu a daina amfani da shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa baƙaƙen fata suka kafa tasu gasar?
2. Wane sharaɗi Rickey ya gindaya wa Robinson, kuma don me?
3. Kawo matsaloli uku da ya fuskanta a farkon kakar 1947.
4. Rubuta jimla biyar a kan wata doka da ba a rubuta ba da ka sani a makaranta ko unguwa, ka faɗi ko tana da amfani.