Muhammadu al-Katsinawi: Masanin Taurari da Lissafi da Alƙahira Ta Riƙe

A littattafan Larabawa ana kiransa Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, domin Kashna suke kiran Katsina. Bafillace ne da ya tashi a farkon ƙarni na 18, lokacin da Katsina, maƙwabciyar Daura, take cin kasuwar hamada kuma take alfahari da gadon malamai irin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Ya yi karatu a gaban malamai da dama, cikinsu har da Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagirmi, ya ƙware a nahawu da manɗiƙi da hisabi da ilmin taurari. Wajen shekarar 1730 ya kama hanyar aikin Hajji, kuma bai sake komowa ƙasar Hausa ba.

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne wafaƙi, wanda Bahaushe ya fi sani da hatimi. Mutane da yawa kallon laƙani kawai suke yi masa, alhali ƙashin bayansa lissafi ne tsantsa. A hatimi mai gida tara ana jera lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Mai gida ashirin da biyar kuwa 65 yake bayarwa. Lamba ɗaya in ta kauce wa gidanta, jimillar ta rushe, kuma babu kwaskwarimar da za ta ɓoye kuskuren. A littafinsa Bahjatul Afaƙ ya shimfiɗa hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai masu gefe mara, wato uku ko biyar ko bakwai, mataki bayan mataki, har ɗalibi ya iya gina nasa ba tare da haddace na wani ba. Wannan ɓangaren ne masu tarihin lissafi suke ambato har yau.

Ɗaya littafin nasa, Ad-Durrul Manzum, ya ginu ne a kan wani littafi da ake dangantawa ga Fakhruddin ar-Razi, yana kuma haɗa sanin taurari da ɗalasimai. A nan wajibi ne mai karatu ya tace. Ilmin wancan zamani bai raba lissafin tafiyar tauraro da maganar tasirinsa a kan mutane ba, malamai kuwa sun daɗe suna inkarin na biyun. Na farkon shi ne wanda manomin karkarar Daura yake amfana da shi idan yana ƙirga taurarin damina kafin ya yi shuka.

Fagen auna hasken taurari kuwa wata hanya ya biyo. Tun shekarar 964 Abdurrahman as-Sufi ya sake duba darajoji shida na haske da aka gada daga Girkawa, yana gwada tauraro da tauraro da idonsa. A 1783, shekara 42 bayan rasuwar al-Katsinawi, wani matashi kurma a Ingila, John Goodricke, ya nuna cewa tauraron nan Ra'asul Gul yana dusashewa a kowane kwana biyu da kusan awa 21. Masu sha'awar kallon sama har gobe haka suke yi: su kwatanta tauraro mai sauyawa da maƙwabtansa masu tsayayyen haske, su rubuta lokaci daidai, su kai rahoton abin da suka gani ko da ya saɓa wa abin da suka zata.

A Alƙahira al-Katsinawi ya sauka a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, babban malamin Azhar kuma masanin falaki, wanda ya ɗauki ilmin wafaƙi daga wurinsa. Abin lura ne a ce malamin Masar mai wannan daraja ya zauna a gaban baƙo daga ƙasar Hausa. Shi Hasan ɗin ne daga baya ya tsaya kan gyaran ma'aunan kasuwannin Alƙahira da suka karkace, har ya wallafa littafi a kan sikeli, aikin da duk ɗan kasuwa ya san nauyinsa.

A wannan gida ajali ya cim ma al-Katsinawi a shekarar 1741, daidai da 1154 bayan Hijira. Ya bar wa mai masaukinsa littattafansa, aka binne shi a Alƙahira. Ɗan Shaihu Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan haka, shi ya zama fitaccen marubucin tarihin Masar, kuma shi ya sanya tarihin baƙon mahaifinsa cikin littafinsa Aja'ibul Asar, a jerin manyan malaman da suka rasu a wancan zamani.