Marigayi Malam Aminu Kano: Malamin da Ya Ɗauki Ƙuri'a Amana

 Filin wannan mako zai kawo tarihin Malam Aminu Kano, domin a cikin rayuwarsa akwai amsa ga masu tsammanin addini da siyasa hanya ce biyu da ba sa haɗuwa.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alkalin Kano, daga zuriyar Gyanawa waɗanda aka sani da ilmin shari'a. A gida ya fara karatun Alkur'ani, sa'an nan ya shiga makarantar Shahuci, da Midil ta Kano, da Kwalejin Kaduna inda ya gama a 1942. Daga nan aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, can ya yi hulɗa da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur. A Bauchi ne suka riƙa yin taron muhawara inda ake tattauna yadda En'e ke tafiyar da mulki, abin da a wancan zamani ba kowa ke iya buɗe baki a kansa ba. Ya tafi Ingila ƙaro ilmin koyarwa a 1946, da ya komo aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato.

A 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya rungumi jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na wannan shekara, ya kuma zama shugabanta a 1953. Kukan jam'iyyar bai wuce abin da talaka ke gani da idonsa ba: haraji da jangali da ake karɓa da tsanani, aikin tilas a gonakin masu sarauta, gaisuwa da ake kaiwa kafin a saurari ƙara, da kotuna waɗanda ke ƙarƙashin ikon wanda ake ƙara. A lokacin Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na masarautar Kano, saboda haka manomansu da makiyayansu suna cikin waɗanda wannan kuka ya shafa kai tsaye.

Abin lura a nan shi ne inda Malam ya samo hujjarsa. Abokan hamayya sun so su nuna cewa tsayayya da masu mulki fita ce daga tarbiyyar Musulunci. Shi kuwa sai ya koma ga littattafan shugabannin jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da gaisuwa cikin al'adun mulkin zalunci, ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa masu mulki iyakokinsu. Watau Malam Aminu ya riƙe wa masu sarauta mudun da kakanninsu suka bari, ya ce a auna da shi. Ya kuma ƙarfafa kafa makarantun Islamiyya a Kano, ya yi ta karanta tafsiri a watan azumi, domin ya gane cewa jahili ba ya sanin haƙƙinsa balle ya nema.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A zaɓen 1951 ana yin zaɓe hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutane kafin hawan ƙarshe, don haka NEPU ta yi nasara a ƙasa cikin birnin Kano amma ta tashi hannu banza a sama. An ɗaure 'ya'yanta da yawa, an yi wa wasu bulala, wasu suka bar garuruwansu. Malam da kansa ya faɗi zaɓe a 1954 da 1956. Duk da haka bai ce a bar akwati a ɗauki makami ba. Ya ci gaba da neman a ba kowane baligi ƙuri'a guda, a jefa ta a asirce. A 1959, da maza suka yi zaɓe kai tsaye a duk faɗin Arewa, ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Mata kuwa, waɗanda shi da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka daɗe suna nema wa wannan haƙƙi, ba su samu ba sai a 1976.

A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya na sadarwa daga 1967, daga baya na lafiya. Ya fita daga waɗannan ofisoshi bai tara dukiya ba, ya koma gidansa na Gwammaja, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa ga mai kuka. Wannan ita ce shaidar da ko maƙiyansa ba su musa ba.

Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya jagoranci jam'iyyar PRP. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta, 1979, ya zo na huɗu da ƙuri'a fiye da miliyan 1 da dubu 700, Alhaji Shehu Shagari ya yi nasara. Amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a jihohi biyu: Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, da Alhaji Abubakar Rimi, wanda ya yi karatu a Birnin Kudu, a tsohuwar Jihar Kano. Rimi na hawa ya soke haraji da jangali. Manomin Gwaram da Bafulatanin dajin Birnin Kudu suka ga cewa takardar da suka jefa a akwati ta sauke musu nauyin da iyayensu suka rayu suka mutu a ƙarƙashinsa. A zaɓen wannan shekara ne kuma Alhaji Sule Lamido na Bamaina ya tafi Majalisar Wakilai a tutar PRP. Shi ne daga baya ya mulki Jihar Jigawa daga 2007 zuwa 2015, ya kuma sa wa babban dandalin taro na Dutse sunan Malam.

Sai dai ƙarshen tafiyar ya zo da ɗaci. Jam'iyyar ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnonin nan biyu suka raba gari da jagoransu, aka tsige Balarabe Musa a 1981, sa'an nan a 1983 Kaduna ta kuɓuce. Masu tarihi sun saɓa a kan wanda ya fi laifi, amma sakamakon a fili yake: mutanen da sanda da kurkuku ba su raba ba, mulki ya raba su. Malam bai ga zaɓen 1983 ba. Allah ya karɓi ransa ran 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero.

To, me ya rage ga na baya? An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, kuma gwamnanta na farko na farar hula, Alhaji Ali Sa'ad, ɗan Birnin Kudu ne. Gwamnati ta matso kusa, shugabanni 'ya'yan gari ne, babu Bature ko En'e da za a ɗora wa laifi. Alkur'ani mai girma, a Suratun Nisa'i aya ta 58, ya yi umurni da a mai da amana ga masu ita, a kuma yi hukunci da adalci. A Suratul Baƙara aya ta 283 ya hana ɓoye shaida. Ƙuri'a shaida ce da mutum ke bayarwa cewa wane ya cancanci a damƙa masa baitulmali, da makarantu, da asibitoci. Wanda ya sayar da ita a kan sabulu ko turmin atamfa ya yi shaidar zur, ya kuma sayar da abin da wasu suka sha bulala kafin a samo masa. Wanda aka zaɓa kuwa, ya tuna cewa akwai ranar da za a ƙirga aikinsa a inda ba a sauya alƙaluma.

Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba talakawa basirar zaɓen nagari, amin.