Piyer Foshar, uban likitocin haƙori

Wajen shekara ta 1678 aka haifi wani yaro a wani ƙauye na yammacin ƙasar Faransa. Sunansa Piyer Foshar. Da faransanci ana rubuta shi Pierre Fauchard. Iyayensa ba masu dukiya ba ne.

Yana da shekara 15 ya shiga aikin sojan ruwa. An sa shi ƙarƙashin wani babban likita mai suna Alekzandar Potlere, yana koyon aiki. A zamanin nan jiragen ruwa sukan yi wata da watanni bisa teku. Ma'aikatan jirgi ba su samun ɗanyen ganye ko lemu, sai busasshen abinci. Saboda haka dasashinsu yakan kumbura, ya yi ta zubar da jini, haƙora su yi ta girgiɗi har su zube. Foshar ya ga wannan wahala da idonsa. Tun daga nan ya mai da hankalinsa ga ciwon baki.

Da ya bar jirgi, sai ya zauna a garin Anje yana duba marasa lafiya. A lokacin, aikin haƙori yana hannun wanzamai da masu tallar magani cikin kasuwa. Mai ciwo yakan zauna ƙasa, a matse kansa tsakanin gwiwoyi, a fizge haƙorin da ƙarfi. Wani lokaci har a cire mai lafiya, a bar mai ciwon.

Foshar bai yarda da haka ba. Ya zaunar da mai ciwo bisa kujera mai hannu. Ya duba kayan aikin masu gyaran agogo da na maƙeran zinariya, ya ƙera nasa. In haƙori ya yi kogo, ba ya gaggawar cire shi. Sai ya share kogon, ya cike shi da darma, ko kuza, ko zinariya. Yana kankare dattin nan da ke daskarewa a gindin haƙora kamar dutse. Wanda haƙoransa suka zube, yakan sassaƙa masa wasu da ƙashi ko hauren giwa. Yaran da nasu suka fito a karkace, yana ɗaura musu ɗan ƙarfe don su miƙe. Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutanen zamaninsa sun ɗauka tsutsa ce ke cin haƙori, kamar yadda wasu ke faɗi har yau a ƙauyukanmu. Foshar ya yi ta bincike, bai yarda tsutsa ce tushen ciwon ba. Ya lura masu yawan shan zaƙi su ne haƙoransu ke saurin lalacewa. Yau likitoci sun tabbatar da haka. Ƙwayoyin cuta da ke cikin baki suna cin sukarin da ya maƙale, suna fid da wani tsami. Tsamin nan shi ke huda haƙori sannu a hankali.

Daga baya Foshar ya koma birnin Paris. Abokan sana'arsa kowa yana ɓoye abin da ya sani, don kada a ƙwace masa ciniki. Shi kuwa ya rubuta duk iliminsa, ya zana kayan aikinsa don kowa ya gani. Littafin ya fito a shekara ta 1728, kashi biyu, sunansa Le Chirurgien Dentiste. A 1733 aka juya shi cikin jamusanci. Ba duk abin da ke ciki ne daidai ba: ya ba mutane shawara su kurkure baki da fitsarinsu, wannan kuwa kuskure ne. Amma littafin shi ya zama harsashin aikin likitan haƙori. Foshar ya rasu a Paris cikin watan Maris na 1761, yana da shekara fiye da 80.

Babban darasin da ya bar mana shi ne a riƙa duba baki tun ciwo bai zo ba. Ƙaramin kogo ba ya zafi, likita ne ke iya ganinsa ya cike shi. In ya kai jijiya, sai rashin barci da kumburin kunci, yaro ya kasa zuwa makaranta.

Yara, haƙoran nono 20 ne. Daga shekara 6 kuke fara famfara. Na manya 32 ne, kuma wanda ya fita ba ya sake tsirowa. Ku yi asuwaki ko ku goge da buroshi safe da dare. Ku rage alewa da shayi mai sukari da yawa. Ku roƙi iyayenku su kai ku asibitin Dakoro ko na Maraɗi a duba bakinku, ko da sau ɗaya a shekara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke sa haƙoran ma'aikatan jirgi zubewa?
2. Ta yaya sukari ke huda haƙori?
3. Don me ake zuwa wurin likita tun haƙori bai fara ciwo ba?

Aiki

Ɗauki madubi, ƙirga haƙoranka, ka rubuta yawansu cikin littafinka.